Idan Abu Ya Faru a Jami'a, Iyaye Ne Suka Fi Cancantar Fara Ji

A Kano labarin abin da ya faru a cikin jami'a ba ya jiran izinin kowa kafin ya tsallake katanga. Idan gobara ta tashi a ɗakin kwanan ɗalibai mata, ko mota ta kaɗe ɗalibi a bakin ƙofar shiga, ko aka wayi gari wani ya rasu a ɗakinsa, kafin a ankara hoton ya shiga zaurukan WhatsApp na 'yan aji, daga nan ya faɗa Facebook da TikTok, kafin la'asar kuma wani gidan rediyo ya samo wanda zai ce a gabansa aka yi. Ɗan kasuwar da ke Kantin Kwari, wanda 'yarsa take aji biyu, zai ji maganar daga bakin maƙwabcin shagonsa, ya kira wayarta ya ji a kashe, ya rufe shago ya tari adaidaita sahu ya nufi makarantar hankalinsa a tashe. A daidai wannan lokacin hukumar makarantar tana cikin taro, kuma sau da yawa sanarwarta ba ta fitowa sai washegari ko bayan kwana biyu, da Turanci mai nauyi, ɗauke da abubuwan da kowa ya riga ya haddace: an jawo hankalin hukuma ga wasu rahotanni da ke yawo, jama'a su yi watsi da jita-jita, kuma an kafa kwamiti mai ƙarfi da zai binciki lamarin. Wannan ba halin makaranta ɗaya ba ne, al'ada ce da ta game manyan makarantun ƙasar nan, na tarayya da na jiha da masu zaman kansu.

Ra'ayina shi ne wannan salo, wanda shugabanni da yawa suke ɗauka dattako ne da kare martabar makaranta, shi ne ainihin abin da ke zubar da martabar. Waɗanda suka fi cancantar fara jin ta bakin jami'a su ne ɗalibin da ke ciki da iyayensa da ke waje, da harshen da suke ji, a cikin sa'ar farko, ko da abin da za a faɗa musu bai wuce jimla uku ba. Ma'aikatar ilimi da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da manyan jaridun Abuja duk za su iya jira zuwa yamma, amma uwar da ke riƙe da waya a tsakar gida a Gwammaja ko Hotoro ba za ta iya ba, kuma duk abin da ta ji a wannan sa'ar shi ne zai zauna a ranta, komai kyawun bayanin da zai biyo baya.

Ya kamata a tambayi wane ne ma mai wannan martaba da ake ta faɗin ana karewa. Jami'ar Bayero ta faro ne a 1960 a matsayin Kwalejin Ahmadu Bello a cikin Makarantar Nazarin Larabci, ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero ƙarƙashin jami'ar Zariya, sannan ta tsaya da ƙafarta a 1977. Shekaru da dama ita kaɗai ce jami'a a jihar nan, kafin a buɗe ta Wudil a 2001 da Northwest a 2012, sannan masu zaman kansu irin su Skyline da Maryam Abacha suka biyo baya. Sunan da irin waɗannan makarantu suke da shi ba a ofishin shugaban jami'a yake ajiye ba. Yana cikin takardar shaidar da ke hannun dubban mutanen da suka fita daga cikinsu, waɗanda za su ajiye ta a gaban mai ɗaukar aiki a Legas, ko a gaban jami'ar da suke neman digiri na biyu a Ingila ko Malesiya. An ga misalin hakan ƙarara a ƙarshen 2023, lokacin da wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya sayi digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin makonni shida, a farkon 2024 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga jamhuriyar Benin da Togo. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗar wannan mataki sun haɗa da ɗaliban da suka zauna a aji suka yi karatunsu da gaske, ciki har da 'ya'yan Arewa da dama. Shugaban jami'ar tarayya wa'adin shekara 5 yake yi ya tafi, amma wanda ya karɓi shaidarta da ita zai rayu har ya yi ritaya, don haka duk shawarar da za a yanke a ranar tashin hankali da shi ya kamata a auna ta.

Akwai kuma wata amana da ta fi ta takarda nauyi a garin nan, wadda duk wanda ya san gidajen Kano ya san ta. Magidancin da ya bar 'yarsa ta kwana a makaranta sau da yawa ba shi kaɗai ya yanke shawarar ba, kuma ba kowa ne a dangi ya amince ba. Akwai yayansa da ya ce a yi mata aure, akwai gwaggon da ta ce zaman hostal lalata yara yake yi, akwai kuma maƙwabcin da ke jiran abu ya faru ya ce ai dama mun faɗa. Idan aka wayi gari da wani faifan bidiyo da aka ce daga ɗakin kwanan mata na wata jami'a ya fito, hukuma kuma ta yi gum, wannan magidanci ba shi da abin da zai kare kansa da shi a gaban danginsa. Yarinyar da za a ce ta tattaro kayanta ta dawo gida ba za ta fito a wani rahoto ba, ƙanwarta da za a hana cike takardar JAMB baɗi ma ba wanda zai ƙirga ta, amma asarar ta tabbata, kuma a jihar da har yanzu ake fafutukar ganin yara mata sun wuce sakandare. Jami'ar da ta fito a ranar ta ce bidiyon ba daga wurinta ba ne, ga kuma dalili, ko ta ce daga wurinta ne, ga matakin da ta ɗauka kafin dare, ta ba wannan uba abin da zai riƙe ya tsaya a kan shawararsa.

Kano ba baƙuwar munanan ranaku ba ce a makarantunta. Ranar Lahadi 29 ga Afrilun 2012 'yan bindiga suka afka wa Kiristocin da ke ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, suka kashe mutane da dama, ciki har da farfesoshi biyu. A 2014 kaɗai bam ya tashi a Makarantar Koyon Aikin Tsafta a watan Yuni, wata 'yar ƙunar baƙin wake ta tayar da wani a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha a watan Yuli a tsakiyar matasan da ke duba sunayensu na bautar ƙasa, sannan aka kai hari Kwalejin Ilimi ta Tarayya a watan Satumba. A irin wannan rana abin da iyali ke buƙata kaɗan ne, kuma a bayyane yake: shin abin ya lafa ko ana ci gaba, wace ƙofa ce a buɗe, asibitin Murtala aka kai waɗanda suka jikkata ko na Nasarawa ko na Malam Aminu Kano, kuma wace lamba za a kira a ji mutum ya ɗauka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar zaman majalisar jami'a kafin a faɗe shi.

Jinkiri a nan yana iya zama sanadin rai. A Jami'ar Virginia Tech da ke Amurka, ranar 16 ga Afrilun 2007, wani ɗalibi ya harbe mutum biyu a ɗakin kwana da misalin ƙarfe 7:15 na safe, amma saƙon farko da hukuma ta aika wa ɗalibai bai fita ba sai ƙarfe 9:26, kuma mintuna kaɗan bayan haka maharin ya shiga ginin azuzuwa ya kashe wasu mutum 30. Daga baya ma'aikatar ilimin ƙasar ta ci tarar jami'ar a ƙarƙashin dokar da ta wajabta wa makarantu gargaɗin ɗalibai a kan lokaci da wallafa alƙaluman laifukan da ake aikatawa a harabarsu duk shekara. Mu ba mu da doka irin wannan, amma muna da kayan aikin. Babu ɗalibin da yake yin rajista a yau ba tare da ya rubuta lambar wayarsa da ta wani makusancinsa a shafin makaranta ba. Waɗannan lambobi suna nan a kwamfuta, kuma aika gajeren saƙo ga dukkansu a lokaci guda bai kai kuɗin abincin taron majalisa ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne a riga an rubuta, tun ana zaune lafiya, wane ne ke da ikon aika saƙon da ƙarfe biyun dare ba tare da ya nemo sa hannun mutum huɗu ba.

Masu riƙe da jami'o'i suna da uzurinsu, kuma ba uzurin banza ba ne. Suna cewa a sa'ar farko su ma ba su san gaskiyar abin da ya faru ba, kuma idan suka faɗi abin da daga baya ya zama kuskure za a kira su maƙaryata. Suna cewa jami'an tsaro kan roƙe su su yi shiru har a kammala bincike, lauyan jami'a kuma yana gargaɗin cewa duk kalmar da ta fita za a iya ɗaga ta a kotu. Sun kuma san Kano, sun san cewa maganar da ta taɓa addini ko ƙabila tana iya fita daga aji ta ƙare a kan titi. Na yarda da duk wannan, sai dai ina ganin kuskurensu shi ne zaton cewa zaɓi biyu ne kawai, ko a faɗi komai ko a yi shiru. Hukuma za ta iya cewa da ƙarfe kaza gobara ta tashi a gini kaza, an kashe ta, an kai ɗalibai uku asibiti kuma an sanar da iyayensu, ana binciken musabbabi, za mu sake magana da ƙarfe shida na yamma. Babu lauyan da zai ga illa a wannan, babu kuma binciken 'yan sanda da zai lalace saboda shi. Sharaɗin kawai shi ne idan ƙarfe shidan ta yi a sake maganar, ko da babu wani sabon abu sai cewa waɗanda ke asibiti suna samun sauƙi.

Hausawa sun ce shiru ma magana ce, kuma mutanen Kano sun ga abin da take faɗa a watan Afrilun 2020, lokacin da mace-mace suka yawaita a birni, har jami'o'i suka rasa manyan malamai a cikin 'yan kwanaki. Da yake babu wani cikakken bayani daga hukuma a farko, masu haƙar kabari ne suka zama majiyar 'yan jarida, kowa kuma ya kama fassara abin yadda ya ga dama. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da alaƙa da korona, alhali jama'a sun daɗe da yanke nasu hukuncin. Batun addini kuwa, wanda ake kafa hujjar shiru da shi, shi ne ma ya fi buƙatar hanzari. Abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a watan Mayun 2022, wanda ya kai ga kisan ɗaliba da sanya dokar hana fita a garin, daga saƙon murya a zauren 'yan aji ya faro. Jami'ar da ke da limamin masallacinta da shugabannin cocinta da shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi da na Kirista a cikin waɗanda ake kira a mintunan farko, waɗanda kuma sun saba zama da juna tun kafin ranar, ta fi wadda za ta tsaya tsara kalmomin sanarwa damar kashe wutar tun tana ƙarama.

Sai batun harshe, wanda nake mamakin yadda ake raina shi. Kano garin rediyo ne. Tun da Freedom Radio ta fara aiki a 2003 tashoshi suka yawaita, kuma shiri irin Inda Ranka yana shiga gidaje da shaguna da motocin haya da babu jaridar Turancin da ta taɓa shiga cikinsu. Mafi yawan iyayen da ke biyan kuɗin rajista a jami'o'in garin nan da Hausa suke jin labari, da ita kuma suke yanke hukunci. Idan jami'a ta fitar da sanarwa da Turanci kaɗai, ta bar wa wani ne ya fassara ta yadda ya so, ya kuma ƙara mata gishiri. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ce ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, jami'ar tana da tsangayar sadarwa da gidan rediyonta, sauran jami'o'in ma suna da malaman Hausa da na aikin jarida, saboda haka babu wadda za ta ce ta rasa mai rubuta mata sakin layi biyu da Hausa mai kyau. Ya kamata sanarwar Hausa da ta Turanci su fita a minti ɗaya, domin akwai ɗalibai da iyaye daga kudu da mazauna Sabon Gari da su ma amanarsu ke hannun makarantar, sannan wani mai muƙami ya shiga ɗakin watsa shiri da kansa ya amsa tambayoyin masu bugo waya, har da masu zafin.

Duk waɗannan masifu ne da ke faɗo wa jami'a daga waje. Inda aka fi gane halin shugabanci shi ne ranar da laifin daga cikin gida yake: malamin da ake zargi da neman ɗaliba da lalata kafin ya ba ta maki, jami'in da ke sayar da gurbin karatu, sakamakon jarrabawar da ya ɓace har ɗalibi ya ƙara shekara, ko asibitin makaranta da aka kai mara lafiya cikin dare aka tarar babu likita. A nan ne zuciya take raya wa hukuma ta rufa wa abokin aiki asiri, ta kuma juya kan wanda ya yi magana. Ɗalibar da ta rubuta kokenta a Facebook sai ta tsinci kanta a gaban kwamitin ladabtarwa bisa laifin ɓata sunan makaranta, a tuna mata rantsuwar da ta yi ranar da aka karɓe ta, wani lokacin ma a yi mata barazana da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda saboda yawan amfani da shi wajen toshe bakin mutane sai da aka yi masa gyara a 2024. A ganina babu matakin da ya fi wannan illa ga sunan jami'a, domin labarin da a da na malami ɗaya ne ya koma na makaranta gaba ɗaya, kuma duk ɗalibar da ke da irin wannan koke ta koyi cewa ofishin kula da harkokin ɗalibai ba wurin zuwa ba ne, gara ta naɗi murya ta saki a duniya.

Misalai suna nan ga mai son dubawa. A 2018 wani faifan murya ya fallasa wani farfesa a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife yana neman ɗaliba da lalata, jami'ar ta bincika ta kore shi a cikin watanni, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar da shi, kotu kuma ta ɗaure shi shekara 2. Abin da mutane suka riƙe game da jami'ar a wannan batu shi ne ta hukunta farfesa. A watan Oktoban 2019 binciken BBC a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana ya nuna wa duniya abin da ɗalibai suka daɗe suna faɗa a tsakaninsu, hukumomin kuma suka dakatar da malaman bayan da kowa ya riga ya kalla. A Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka kuwa, an shafe shekaru mata suna kai koke a kan likitan 'yan wasa Larry Nassar, har wani binciken cikin gida a 2014 ya wanke shi. Da abin ya fashe, shugabar jami'ar ta sauka a watan Janairun 2018, makarantar kuma ta amince ta biya dala miliyan 500 ga waɗanda ya zalunta. Babu jami'ar da za ta iya ba da tabbacin cewa babu ɓata-gari a cikin ma'aikatanta dubu biyu ko uku, kuma babu uban da ke tsammanin haka daga gare ta. Abin da yake son sani shi ne idan 'yarsa ta kai ƙara, wa zai saurare ta, kwana nawa za a ɗauka, kuma me zai kare ta daga ramuwar gayya a takardar jarrabawa.

Wannan ne ya kawo ni ga kwamiti. Kafa kwamiti ba laifi ba ne, hasali ma adalci ga wanda ake zargi yana buƙatar sa, domin ana yi wa malamai ƙazafi, kuma wanda aka ɓata wa suna a TikTok ba shi da inda zai ɗaukaka ƙara. Matsalar ita ce ana sanar da kafa kwamitin da ƙarfi, a ba shi mako biyu, daga nan sai a ji shiru kamar an shuka dusa. Idan an sami malamin da laifi, sai a ji a bakin mutane cewa ya yi ritaya ko ya koma wata jami'ar, inda zai ci gaba da halinsa. Idan kuma an wanke shi, babu wanda ya ji, ya ci gaba da shiga aji ana nuna shi da baki. Duka ɓangarorin biyu an cuce su, jami'ar kuma ta koya wa jama'a cewa kwamiti a wurinta hanyar binne magana ce, ta yadda ranar da za ta kafa na gaske babu mai yarda. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumomin gwamnati kwana 7 su amsa wa mai neman bayani, jami'o'in tarayya kuma suna cikin waɗanda ta hau kansu, amma bai kamata a jira sai an rubuto takarda ba. Za a iya wallafa abin da kwamiti ya gano da hukuncin da aka yanke, a sakaya sunan wadda ta kai ƙara da bayanan lafiyarta, kamar yadda dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanada.

Wasu rikice-rikicen kuma ana hango su tun daga nesa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 jami'o'i da dama sun ƙara kuɗin rajista, har gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 don biya wa 'yan jihar su 7,000 da ke Jami'ar Bayero. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga farashin lantarki ga rukunin masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni, abin da ya jefa jami'o'i cikin bashin da ba su saba gani ba. Ƙarin kuɗi a irin wannan hali yana iya zama dole, amma ɗalibin da aka nuna wa takardar kuɗin wuta da ta dizal wata biyu kafin ƙarin, aka kuma ba shi damar biya kashi biyu, ba zai yi fushi irin na wanda ya buɗe shafin rajista ya tarar da sabon adadi ba. Idan fushin ya kai ga zanga-zanga, sai a ba da hutun tsakiyar zango na ba-zata, a ce kowa ya bar ɗakin kwana kafin ƙarfe shida na yamma, ba tare da an yi tunanin yarinyar da gidansu yake Yola ko Inugu ba.

Mutumin da aka ɗora wa dukan wannan nauyi, wato jami'in hulɗa da jama'a, yawanci yana waje ne lokacin da ake yanke shawara. Aikinsa a idon shugabanni shi ne hotunan bikin yaye ɗalibai da kalandar sabuwar shekara da saƙon taya murna, ranar rikici kuma a miƙo masa takardar da wani ya rubuta a ce ya sa hannu. Wanda bai san abin da aka tattauna ba ba zai iya amsa tambaya ta biyu daga ɗan jarida ba, shi ya sa wayarsa take mutuwa a ranar da aka fi neman sa. Kujerarsa ya kamata ta kasance a teburin shugaban jami'a da magatakarda da ma'aji, da ikon ya ce wannan matakin ba zai karɓu a gari ba. Tsohuwar dabarar cusa wa wakilan jaridu ambulan don su danne labari ta daina aiki tun ranar da kowane ɗalibi ya mallaki waya mai kyamara, haka ma hayar sojojin baka su zagi wanda ya yi koke. Abin da ke aiki shi ne kafa guda ɗaya da aka sani, wadda ba ta taɓa yi wa mutane ƙarya ba. A yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata 9 a 2020 da na wata 8 a 2022, takardun bogi masu tambarin jami'o'i sun yi ta yawo da ranakun komawa makaranta, kuma abin da kawai zai hana ɗalibi kashe kuɗin mota a banza shi ne ya san shafin da idan bai ga magana a can ba, to babu ita.

Idan kuwa rai aka rasa, babu kakakin da zai wakilci shugaban jami'a. A al'adarmu ana yin jana'iza cikin sa'o'i, zaman makoki kwana uku ne, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne unguwa take yanke hukunci a kan makarantar. Shugaban da ya cire takalmi ya zauna a kan tabarma a ƙofar gida, ya ce wa mahaifin, Baba, amanar da ka ba mu ce, Allah ya jiƙan ta, ga abin da muka sani zuwa yanzu, ya yi abin da dogon rubutu a jarida ba zai yi ba. Sai dai akwai tarko a nan da ya kamata a kiyaye. Sau da yawa iyayen za su ce sun bar wa Allah, ba sa son a taɓa gawa, ba kuma za su je kotu ba. Wannan haƙuri nasu ne, kuma abin girmamawa ne, amma bai sauke wa jami'a nauyin gano ko wayar wutar da ta haddasa gobarar tana nan yadda take a sauran ɗakunan, ko motar asibitin da ta ƙi tashi a daren an gyara ta, sannan ta faɗa wa sauran iyaye abin da ta gyara da ranar da ta gyara shi.

Majalisun gudanarwa na jami'o'i da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa suna da hanyar tilasta wannan ba tare da jiran sabuwar doka ba. Tawagar da ke zuwa tantance kwasa-kwasai tana ƙirga malamai da littattafan laburare da kayan ɗakin gwaje-gwaje kafin ta ba da izini. Za ta iya ƙarawa da neman a nuna mata rubutaccen tsarin sanar da ɗalibai da iyaye a lokacin gaggawa, ta kira lambar da aka ba iyaye da tsakar dare ta ji ko ana ɗauka, ta kuma nemi a kawo mata jerin kwamitocin binciken da makarantar ta sanar a shekara ukun da suka gabata tare da inda aka wallafa sakamakon kowannensu.